Akwatin Maganar Ɗakina da Tsohuwar da Na Zarga

Shekarun baya masu nisa, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, aka tura ni aiki Gure. Ni mutuniyar Maraɗi ce, kuma kafin wannan tafiyar ban taɓa wuce Damagaram ba. Fitowata ke nan daga makarantar koyon aikin ungozoma, ga takarda a hannu, ga farar riga, kai kuwa ya kumbura. Gani nake duk abin da ya shafi mace da ciki da haihuwa babu mai gaya mini. Yau idan na tuna irin takun da nake yi a lokacin, haɓa a sama, ni kaɗai sai in yi ta dariya.

Mu huɗu muka tare: ni, da maigidana mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da ɗanmu na goye, da mahaifiyata wadda ta biyo mu don ta riƙe mini yaron. Aka ba mu gida a layin ma'aikata. Gidajen layin nan suna da gata guda da sauran gari ba su da shi. Akwai injin wuta, grup muke ce masa, ana tayar da shi da magariba, ya yi 'yan awoyi a kashe.

A likita, wato asibiti, na tarar da wata tsohuwa Babarbariya tana taimakawa a ɗakin haihuwa. Ta yi shekaru masu yawa tana karɓar haihuwa a gidajen mutane kafin a ɗauke ta aiki. Ba ta karatu, ba ta rubutu. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kullum da goro a kumatu. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Madam. Ita ke yi mini tafinta idan mace ta zo ba ta jin Hausa, tunda ni ko gaisuwa ban iya da Barbarci ba. Ina ba ta girmanta a baki, amma a zuciyata ɗaukarta nake mai tafasa ruwa da wanke kwanoni.

Ban daɗe ba na lura da wani abu. Mace za ta zo, fuska duk damuwa, in tambaye ta abin da ke damunta, ta ce kai ne ke mata ciwo. Ta gaba ma kai. Na ce wa Iya wannan gari ciwon kai ya yi masa yawa. Ta nuna mini labulen da ya raba ɗakinmu da inda maza ke layin allura.

"Madam, waɗannan ba ciwon kai ya kawo su ba. Ki bar su su same ki a gida bayan magariba, za ki ji gaskiya."

Haka aka yi. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da zauren gidanmu, na shimfiɗa tabarma, na sa teburi. Mata suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, sun lulluɓe, tsakanin magariba da lisha. Iya takan zo ta zauna a gefe. A ɗakin nan na ji abubuwan da mace ba ta iya gaya wa uwar da ta haife ta. Wasu magani suke buƙata, wasu kuwa wanda zai saurare su kawai suke nema.

Ana nan sai maigidana ya je Damagaram ya dawo da wata tsaraba. Wasu 'yan akwatuna ne guda biyu, kowanne bai kai ƙaramar rediyo ba, ya saye su wajen wani ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Kano. Babu waya tsakaninsu. Kowanne sai a jona shi a bango, ka danna ka yi magana a wannan, muryarka ta fito a wancan. Ya ce saboda mahaifiyata ya sayo. Ɗakinta yana can ƙarshen tsakar gida, ga ciwon gwiwa, ga shi ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana balle ta ɗaga murya ta kira ni. Idan yaro ya tashi yana neman nono, sai dai ta dafa bango ta tako. Muka ajiye ɗaya a ɗakinta, ɗaya a kan teburin ɗakin da nake ganin mata.

Ranar farko har tafi na yi. Mahaifiyata ta danna ta ce, "Ke, ya tashi," muryarta ta fito kamar mai magana a cikin tulu.

Madannai biyu ne a jikin akwatin. Ɗaya babba, shi ake dannawa a yi magana, da ka saki ya dawo. Ɗayan ƙarami, turawa ake yi gefe ya tsaya. Rubutun da ke ƙarƙashinsa da Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci muka karanta. Maigidana ya aro ƙamus wajen abokin aikinsa, ya duba, ya ce kalmar tana nufin kulle. Shi ke nan, na gane komai. Kulle ai kulle ne. Daga ranar, duk macen da ta shigo da maganar sirri, sai in miƙa hannu in tura ƙaramin madannin nan, in ce mata, "Saki jikinki, na kulle, ko tsohuwata ba za ta ji ba." Abin da ya ƙara mini tabbaci, wata rana mahaifiyata ta ce ta yi ta dannawa tana kirana ban amsa ba. Na ce ai lokacin na kulle ne.

Jefi-jefi kuma mukan ji wata muryar namiji can ƙasa-ƙasa a cikin akwatin tana cewa a kawo shayi, ko a kawo buta. Maigidana ya ce wata tashar rediyo ce ke kutsowa. Muka yi dariya muka bar zancen. Malamin makaranta da ungozoma mai takarda, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa wace tasha ce ke neman buta.

Cikin matan da ke zuwa akwai matar wani tela. Yarinya ce kyakkyawa, mai tsabta, kullum tana ƙamshin turaren wuta. Ta zo sau biyu ba ta faɗi komai ba. A zuwa na uku ta fashe da kuka, ta ce tun haihuwarta ta ƙarshe ba ta iya riƙe fitsari. Da tsummoki take tare kanta, turaren nan kuwa don kada a gane ne. Shekara guda tana ɓoyewa, daga ita sai mijinta. Na rarrashe ta, na ce ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana gyara shi a babbar likita ta Damagaram. Na ce ta ba ni lokaci in rubuta takarda.

Bayan kamar kwana goma, ran wata Lahadi da la'asar, sai ga ta ta shigo har tsakar gida ba lulluɓi sosai, idanu jawur. Ba ta zauna ba.

"Madam, me na yi miki?"

Na ce, "Subhanallahi, lafiya?"

"Jiya na je gidan suna. Na zauna a tabarma, sai matan da ke kusa da ni suka riƙa matsawa. Wata ta janye zanenta. Wata ta ce wa 'yarta ta ɗauko mini buhu in zauna a kai kada in ɓata wa masu gida shimfiɗa. A gaban kowa, Madam. Ke kaɗai na gaya wa."

Na rantse mata da Allah ban faɗa wa kowa ba. Ta dube ni, irin kallon da har yau ban manta ba, ta juya ta fita.

Na zauna na yi lissafi. Mu uku ne a ɗakin ranar: ni, da ita, da Iya. Ni ban faɗa ba. Ita ba za ta tona wa kanta asiri ba. Wa ya rage? Ban kwana biyu ina tunani ba, ban ma tambayi Iya a keɓe ba. Washegari da safe na shiga wajen majo, wato shugaban ma'aikatan likitarmu, na ce tsohuwar nan tana fitar da sirrin marasa lafiya. Ya sa aka kira ta. Ƙofa a buɗe, ma'aikata suna kai da kawo, kowa na ji. Na maimaita maganar a gabanta da murya mai ƙarfi.

Iya ta saurara har na gama. Ta ce, "Madam, kin gan ni da idonki ne, ko kin ji ni da kunnenki?"

Na ce, "Ban gani ba, ban ji ba. Amma mu uku ne a ɗakin."

Ta ce, "To."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Majo ya ce ta zauna gida tukuna har a bincika. Ta kwance ɗan farin ƙyallen da take ɗaurawa a gaba idan tana aiki, ta ninke shi a hankali, ta ajiye a kan tebur, ta fita. Ni kuwa na koma ɗakin haihuwa ina jin na tsare amanar aiki.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Labari ya bazu cewa maganar da aka yi a gidan Madam ba ta kwana a can. Mata suka ɗauke ƙafa. Wasu ma da naƙuda ta kama su sai su ƙi zuwa likita. Masu jin Barbarci kaɗai kuwa na rasa yadda zan yi da su, muna ta nune-nune da hannu kamar kurame.

Sai kuma wani abu ya faru da ya kamata ya farkar da ni. Wata mata da ta sha ɓari ta zo ta ce ta samu ciki, tana so ta ɓoye har ya yi ƙwari. Daga ni sai ita a ɗakin, Iya ba ta nan. Na tura madanni, na kulle kamar kullum. Kwana uku bayan haka aka tare ta a kasuwa ana yi mata barka. Labari ya iso kunnena. Na san ke nan ba Iya ba ce. Amma maimakon in je in ba ta haƙuri, sai na shiga zargin na gida. Na riƙa leƙa zaure ko maigidana na laɓe. Har mahaifiyata na fara yi wa kallon gefe. Girman kai ya hana ni zuwa wajen majo in ce na yi kuskure. Na ce bari in ga abin da hali zai yi.

Kusan sati uku da tafiyar Iya, wata rana bayan magariba, an ta da grup ke nan, wata yarinya ta yi sallama. Daga wani ƙauye ta wajen Bune ta zo, a gidan 'yan'uwanta ta sauka, ga alama labarin gidana bai kai mata ba. Na zaunar da ita, na tura madanni, na tambayi sunanta da na mijinta da garinsu, duk ta faɗa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, abin da zan gaya miki ko mijina bai sani ba."

Ba ta rufe baki ba aka banko ƙofa. Iya ce, ba sallama, ba takalmi, kanta ba kallabi, rabin gashin a tsefe, tana haki. Ta sa hannu ɗaya ta toshe bakin yarinyar, ta miƙa ɗayan ta fizge igiyar akwatin daga bango.

"Kada ki ƙara ko kalma ɗaya," ta ce wa yarinyar. Sa'annan ta juyo gare ni. "Madam, taso."

Na buɗe baki zan yi faɗa. Ta ce, "Ki taso ki ji da kunnenki, tunda ni ba ki ji ni da kunnenki ba." Ta leƙa zaure ta ce wa maigidana, da laƙabin Faransanci da ake kiran malaman lakwal da shi, "Mushe, idan mun fita ka mayar da igiyar nan yadda take, kada ka taɓa komai, ka yi magana a ɗakin."

Ta kama hannuna ta ja ni, muka wuce gida ɗaya, muka shiga na biyu. Gidan ma'aikacin kula da dabbobi ne, mutumin da rabin watansa a daji yake yi wajen allurar shanu. Matarsa yarinya ce sa'ata, mukan gaisa. A tsakar gidan, ƙarƙashin ƙwan lantarki, mata huɗu ko biyar suna zaune a tabarma, da mai kitso da mashaci a hannu. A bakin taga kuwa ga wani akwati, irin nawa sak, launi ɗaya, girma ɗaya.

Babu wadda ta ɗago kai. Muna tsaye sai akwatin ya yi ƙara, muryar maigidana ta fito tar: "To, ga ni ina magana. Ana ji na? Ana ji na?" Ya yi tari, sa'annan ya ce da kansa, "Ni dai ban san me tsohuwar nan take nufi ba." Har ƙarar kujerar da ya ja muka ji.

Na zauna a kan turmin da ke kife a wurin. Madannin da nake turawa ba rufe akwatin yake yi ba. Riƙe shi yake yi a buɗe, yana ta aika magana ba sai an danna ba. Da hannuna nake buɗe wa masu sauraren nan hanya, kuma daidai lokacin da magana ta fi zama sirri. Daga baya mai kula da grup ya yi mana bayani cewa ta cikin wayar wuta muryar ke bi, gidajen layin kuwa duk waya ɗaya ta haɗa su. Duk wanda ya jona irin akwatin zai ji. Maƙwabcin namu wajen ɗan kasuwa ɗaya ya sayi nasa da maigidana, don ya riƙa kiran shayi daga zaure.

Matar gidan ta fara kuka. Ta ce, "Wallahi Madam, da farko na zaci rediyo ce. Da na gane muryarki na so in zo in gaya miki, sai na ji kunya, don na riga na ji abin da bai kamata in ji ba. Kullum sai in ce gobe. Su kuma waɗannan da suka gano, sai suka riƙa zuwa."

Iya ce ta amsa mata. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar farko da kika ji, ba laifinki ba ne, akwati ne ya shigo miki da magana gida. Rana ta biyu da kika zauna kika ƙara ji, wannan naki ne." Ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta kira kowacce da sunan uwarta. Ta ce, "Ke, ni na karɓi haihuwarki. Ke ma haka. Na san abubuwa a kan gidajenku da idan na buɗe baki gobe ba mai fita kasuwa a cikinku. Kun taɓa jin na faɗa? Yarinyar da kuka ji sunanta yanzu, idan na ji sunan nan a bakin wani a garin nan, na san inda zan zo."

A hanyar komawa ta gaya mini yadda aka yi. Tun ranar da aka ce ta zauna gida ba ta zauna ba. Ta je wajen matar da ta yi maganar buhu a gidan suna, ta ce, wa ya gaya miki? Ta nuna wata. Ta je wajen waccan, wa ya gaya miki? Haka ta yi ta bi baki-baki, daga cikin gari har lambunan da ke cikin kwari, wasu su faɗa, wasu su kore ta. A ƙarshe magana ta tsaya kan mai kitso, wadda ta ce a rediyon gidan likitan dabbobi ake ji. Shi ne ta je ta ce a yi mata kitso. Ta shafa ɗan farin gashinta ta ce, "Wannan ɗin, da ko akuya ba za ta ƙoshi da shi ba." Ana cikin tsifa ta ji muryata.

Da na shiga gida na wuce ɗakin mahaifiyata. Akwatinta yana ƙarƙashin gado, an cire igiyar, an rufe shi da kwano. Na ce, "Inna, ashe ke ma kina ji?"

Ta kawar da kai. Ta ce sau ɗaya ta ji, tun farkon farawa. Daga nan duk sa'ad da ta ji sallamar baƙuwa sai ta cire igiyar. Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Da wane bakin zan yi irin wannan zancen da ke? Ai na ce miki abin nan surutu ya yi masa yawa." Gaskiya ta faɗa. Ta taɓa cewa haka, ni kuma na zaci ƙarar da yake yi take nufi. Ita a tunaninta magana a ɗakinta kaɗai take fitowa, kuma ta toshe.

Da safe tun kafin lokacin aiki na tafi gidan Iya. Na same ta tana ba awaki dusa. Na durƙusa a gabanta a cikin rairayi, da farar rigata da komai, na ce ta yafe mini. Ta bar ni na gama kukana. Ta ce, "Tashi, za ki ɓata rigar gwamnati. Yafiya ba wuya. Amma a gaban mutane kika faɗa, a gaban mutane za ki warware."

Haka na yi. Na tsaya a farfajiyar likita, majo na nan, ma'aikata na nan, har da masu jiran magani, na ce ƙarya na yi wa baiwar Allah nan, laifin nawa ne da akwatina. Ban taɓa jin harshena ya yi nauyi kamar ranar ba. Majo ya kira ni ciki ya wanke ni tas. Ya ce abin da na yi ya isa a rubuta a aika sama, kuma ba sabon ma'aikacin da irin wannan takarda za ta bar shi lafiya. Iya na tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta ɗaura farin ƙyallenta. Ta ce, "Majo, ni aka yi wa, ni kuma na bari. Yarinyar nan hannunta na da kyau wajen haihuwa. Idan ka kore ta, wa za su aiko mana?" Ya ce mu je. Cikin satin ya sa aka kwashe kaya daga wani ɗaki mai ƙofar katako, ya ce nan za mu riƙa ganin mata da yamma.

Zuwa gidan tela ne ya fi mini wuya. Matar ta ƙi fitowa. Iya ta shiga ita kaɗai, ta daɗe, sa'annan ta kira ni. Na faɗa mata komai ban rage ba. Ta saurara tana kallon bango. Ta ce, "To yanzu da kika gano akwati ne, zai mayar mini da maganar cikin bakina?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Na ji."

Na rubuta takardar da na yi mata alkawari. Iya da kanta ta raka ta Damagaram a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, ta zauna da ita har aka yi mata aiki. Allah ya sa aka dace, ta samu sauƙi ƙwarai. Muna gaisawa idan mun haɗu, amma ba ta ƙara kawo mini damuwarta ba, kuma ban ga laifinta ba. Matar maƙwabcinmu ita ma ta je ta roƙe ta gafara, ban san yadda suka ƙare ba. Yarinyar nan ta wajen Bune kuwa ta dawo bayan kwana biyu, a ɗaki mai ƙofa, ta faɗi abin da ke ranta. Har yau daga ni sai ita sai Iya muka sani.

Sauran mata ba ni na dawo da su ba. Iya ce ta bi gida-gida, ta ɗaure akwatunan nan biyu a cikin tsumma tana nunawa, tana cewa ga mai tsegumin an kama shi, Madam ba ta da baki biyu. Wata uku ko huɗu aka yi kafin ɗaki ya sake cika. A cikin watannin nan na koyi zama kusa da ita in yi shiru. Na koyi Barbarcin da zan gaisa in tambayi inda ke ciwo. Na koyi abubuwa a hannunta a ɗakin haihuwa da babu su a littafin da na haddace.

Shekara huɗu na yi a Gure aka canja mini wurin aiki. Ranar tafiya ta rako ni tasha da ƙullin dabino. Muna jiran mota ta cika na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce, "Iya, na ci mutuncinki a gaban jama'a. Me ya sa kika sha wahalar nan, sati uku kina yawo a rana?"

Ta tauna goronta ta ce, "Kada ki ɗauka don ke na fara. Sunana na fita wankewa, shi kaɗai na mallaka. Sai na ga matan nan sun daina zuwa, wasu na naƙuda a ɗaka ba mai dubawa, na ce wannan ya fi sunana. Ke kuwa, na ga yarinya ce mai tsoro ta ɓuya a cikin farar riga. Ni ma na taɓa zama sabuwa."

Ban sake ganinta ba. Bayan 'yan shekaru wasiƙa ta iske ni cewa Allah ya yi mata rasuwa.

Na yi aiki fiye da shekara talatin bayan wannan, a garuruwa daban-daban, har na zama ni ke shugabantar wasu. Sau da yawa an kawo mini ƙarar ma'aikaci, magana ta yi daidai ta ko'ina, kowa ya ce ai ba wani sai shi. Ban ƙara yanke wa kowa hukunci a ranar da aka kawo ƙararsa ba. Yanzu kuma da 'ya'yanmu ke cika ɗakuna da na'urorin sauraren jarirai da na magana daga ɗaki zuwa ɗaki, ba na hana kowa, suna da amfani. Ina dai ce musu su nemi wanda ya san abin ya nuna musu yaushe yake ji, yaushe ba ya ji, kuma su tambayi maƙwabta ko wani abu na fitowa a nasu. Su yi dariya su ce Hajiya ta cika tsoro. Ina barinsu su yi dariyarsu.

Abin da ya fi zama a raina ba kunyar ba ce, ko da yake har yau ban manta da matar tela ba. Godiya ce. Allah ya haɗa ni, a farkon aikina, lokacin da ban cancanta ba, da mutuniyar da na zalunta, ta tashi ta gyara ɓarnar da na yi, ta tsaya mini a gaban shugabana, ta kuma zauna ta koya mini aiki. Ba ta haife ni ba, ba yarenmu ɗaya ba. Amma duk sa'ad da na ɗaga hannu na yi wa iyayena addu'a, sunanta ne ke bin nasu.